Baba Mai Agogo da Gajeren Gilashi

Ku da kuka san mahaifina, Baba Mai Agogo na Babankatami, na san abin da ya fara faɗo muku a rai: lup ɗin nan. Ɗan gilashin masu gyaran agogo, wanda ya ɗaure da zaren buhu a goshi, ƙasan hula. Alwala da salla kaɗai ke raba su. Kome ka miƙa masa, goro ne, ko takardar asibiti, ko lomar tuwo, sai ya sauke shi kan idon dama ya ce, "Matso da shi." Ranar da na haifi ɗiyata ta fari, haka ya bi kunnuwanta da farcenta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya maido mini ita ya ce aiki ya yi kyau, ba ƙusar da aka bari kwance. Amfanin lup ɗin da kowa ya yarda da shi guda ne: in haki ya faɗa wa mace ido wurin shiƙa, gidanmu take zuwa.

Da salula ta shigo gari, sana'ar agogo ta mutu. Baba dai bai fasa kafa teburinsa ranar kasuwar Buza ba, yana kwance agogon kansa yana ɗaurewa. Ana cikin haka sai saƙo ya zo daga Abijan.

Yaya Isufu ne, ɗan farin gidanmu, wanda ya daɗe can bai samu zuwa gida ba. Ya aiko da aparai na ɗaukar hoto, na hannu amma mai kyau, da buƙata guda ɗaya: a ɗauki fuskar Inna a aika masa. Za ku ce ai ga salula. Wallahi na gwada. Amma kun san Inna da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take ce masa, kuma in ya bugo waya, "lafiya lau" kaɗai take cewa ta miƙo mini. Tun da ta ji hoton nasa ne, abin da na samu bai wuce mayafi, da ƙeya, da gindin ƙwarya ba. Yaya Isufu ya yi lissafin cewa mijinta dai ba za ta ƙi shi ba. Ya manta Baba ma kunyar ce ke cinsa. "Mutumin Abijan" yake ce masa.

Baba ya bi aparai ɗin da lup gaba da baya, ya fita tsakar gida, ya wuce Inna tana tankaɗe, ya durƙusa gaban tururuwa. Da ya matsa kusa, sai hazo. Ya ce an aiko masa makaho. Sai ya cire lup daga goshinsa ya manna shi a bakin aparai da sikoc, salatif ɗin nan na manna takarda. Kwanakin da ya yi ba lup a goshi, mutane na wuce shi a hanyar masallaci ba gaisuwa, don ba su gane shi ba.

Hoton farko da ya fito, ya sa na kai wa mai sharjin salula ya tura Abijan. Da la'asar sai ga waya.

"Rabi, wanga dutsi na ina ne? Na hanyar Keita?"

Na ce masa ƙwayar gero ce.

Baba na kan buzunsa yana ji. Ya ce, "Ki ce ma mutumin Abijan shi gaishe ta da kyau. Ita ta rene shi."

Sikoc dai bai jure zafin rana ba, kullum lup na faɗuwa cikin fura. Sai Baba ya ce in raka shi Madawa wurin Yakubu mai hoto, don in akwai boko in karanta masa. Yakubu Kirista ne, abokin Baba tun suna samari, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya saurari kukan Baba, ya ce abin da yake nema wani gilashi ne da ake kira makaro, wanda aka yi don ƙananan abubuwa. Ya fara gwada bakin aparai ɗin, don ba kowane gilashi ke shiga kowane baki ba. Cikin tsofaffin kayansa biyu suka shiga, gajere da dogo. Na soma karanta lambobin da ke jikinsu, Baba ya ce ba lamba ya zo saye ba.

Yakubu ya yi masa bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa sabon shiga. Dogon yana barin mutum ya tsaya ɗan nesa, ƙwaro ba ya firgita, inuwarka ba ta rufe abin da kake ɗauka, amma yana da nauyi, hannu na rawa da shi, kuma ya fi tsada. Gajeren ba nauyi, ba tsada, sai dai hancinka zai kusa taɓa abin. In ƙwayar hatsi ce ko cikin agogo, gajeren ya isa. In kuwa mai rai ne, mai fiffike, to dogon.

Baba ya ce shi ba ya sayen akuya sai ya ga tafiyarta. Ya zaro akwatin ashana daga aljihu, ya buɗe kan tebur, sai ga ƙwaron wake da ya taho da shi tun daga gida don gwaji. Kafin a ɗaura gilashi, ƙwaro ya sauka ƙasa ya kama gabansa. Mu uku muka duƙa muna rarrafe. Wani jandarma ya shigo ɗaukar hoton katin shaida, ya ishe mu haka, ya zaci zinariya ta faɗi, ya shiga taya mu nema da takalminsa na soja. Shi ya samo shi, a ƙasan takalmin. Baba ya ɗauki gawar a kan tsinke, ya gwada gilasan biyu da ita, ya ce wa jandarman ya gode, yanzu ya fi zama wuri ɗaya.

Gajeren ya zaɓa. Ya ce dogon na matsorata ne. Ni da na ga fuskarsa lokacin da aka faɗi kuɗin dogon, na san wane ne matsoracin. Wurin ciniki kuwa, ba wanda ya sa shi, ya sauke agogon bangon Yakubu da ya tsaya, ya buɗe, ya hura, ya ce a rage masa ladan gyara. Yakubu ya ce pil ne, wato batir, kawai babu a ciki. Baba ya ce ai gano hakan ma aiki ne.

Muna fita Yakubu ya ce masa, ga wani abu, gilashin nan yana ɗaukar fuskar mutum da kyau ƙwarai, in an ja baya kaɗan. Baba ya sauke lup ya tsaya duban ƙarfen ƙofa har Yakubu ya gama magana.

Daga ranar na samu sabon aiki. Da yake inuwar Baba na rufe komai, ni ke riƙe murfin kwanon silba ina maido masa hasken rana. Kuma ya gano cewa in an matsa kusa, ɗan wuri kaɗan ne ke fitowa tas, kamar kaurin gashi, saura duk hazo. Don haka in zai danna, ba shi kaɗai ke riƙe numfashi ba, duk gidan ne. Ya taɓa korar zakara don ya yi cara ya girgiza iska.

Rannan ya hango gidan rina ƙarƙashin rumbu. Na tuna masa maganar Yakubu a kan masu fiffike, ya ce Yakubu bai san rinar Babankatami ba, tana da kunya. Ya kwanta rub da ciki, ya ja jiki, ya ja jiki, har gilashi ya taɓa gidan. Abin da ya biyo baya, maƙwabta sun ji. Idon dama ya kumbura har lup ya ƙi zama. Inna na shafa masa toka tana danne dariya, ta ce da dogon ya sayo da bai ga haka ba. Ya ce da dogon ne, ai Rabi ce kusa, shi ya ceci ɗiyarsa. Hoton kuwa, duk hazo ne sai ƙafar rina guda. Ya yi mako yana tare mutane a ƙofar gida da ido ɗaya yana cewa, "Amma dubi ƙafa."

Duk wannan, Abijan na jira. An tura masa idon ƙuda, da gashin albasa, da kaskar akuya. Da fari yana dariya. Daga baya ya daina. Wata rana bayan girbi ya bugo mini, muryarsa ƙasa ƙasa, ya ce ya yi mafarkin Inna tana miƙa masa fura, ya ga hannun, ya ga ƙwaryar, ya ɗaga kai fuskar ta ƙi zuwa. Ya ce tsoro yake ji kada ya manta ta tana raye.

Na sami Baba a zaure na faɗa masa yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba, ban rage ba.  Ya ɗauki gajeren gilashin ya yi ta goge shi da bakin riga. Ban lura ba sai da na juyo, ashe Inna na bayan zana tana tsintar wake.

Washegari tana shiƙa sai ta ce haki ya faɗa mata ido. Baba ya ce, "Matso, uwar Rabi." Ya duba da lup, ya daɗe, ya ce wannan hakin ƙarami ne ainun, lup ba ya ganinsa, sai an sa aparai. Inna ta ce to bari ta wanke fuska. Ta shiga ɗaki. Da ta fito, ta sake ɗaurin kallabi, kuma idanun nan sun sha kwalli raɗau. Mai haki a ido, da kwalli. Ni dai na ɗauki murfin kwanona, ban dubi kowa ba.

Ta zauna kan turmi. Baba ya matsa, ya matsa, kamar yadda ya yi wa rina. Duk gidan ya yi tsit ba tare da an ce a yi ba.

"Malam, yi sauri," in ji Inna. "Hakin na sa ni hawaye."

Ya danna.

Ido ɗaya ne ya fito, cike da hoton, da kwallinsa da ɗan ruwan da ya taru a gefe. Na ji kunyar tura shi, don fuska aka ce. Amma da ya isa Abijan, Yaya Isufu ya bugo ya ce, "Innata ce. Haka take dubana in ta zaci ban gani ba." Ya sa aka wanke masa shi babba ya rataya a ɗaki. Ya ce abokan kwanansa sun yi ƙorafi, wai ba mai iya makara sallar asuba a ɗakin.

Bara Baba ya rasu, bayan gajeren ciwo. Yaya Isufu ya samu ya zo gaisuwa, da hoton a naɗe cikin jaka. Da mutane suka ragu, muka buɗe aparai muna neman hoton Baba ko guda. Tururuwa, ƙwaro, gero, ƙafar rina. Shi ke riƙe da aparai kullum, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa. Sai Yaya Isufu ya warware nasa hoton, ya ɗauko lup ɗin Baba, ya ce in duba tsakiyar idon.

Ga shi nan. Ɗan mitsitsi, cikin baƙin idon Inna, da hularsa, da gemunsa, da lup a goshi, rabin fuskarsa aparai ya rufe. Ga rumbu bayansa, ga ni a gefe da murfin kwano. Da muka nuna wa Yakubu, ya ce da dogon gilashin ya saya, da ya tsaya nesa, da ɗigo kawai za mu gani. Rowar Baba ce ta bar mana shi.

Inna na zaune can gefe cikin takaba, ta juya mana baya kamar ba ta ji. Can sai ta miƙo hannu, ba ta waiwayo ba.

"Rabi, ki ce ma wancan shi matso da shi."

Ya matso da shi. Shi ya riƙe mata lup ɗin.

Allah ya jiƙan Baba Mai Agogo. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana duban ƙananan halittunka yana mamaki, ya Allah ka dubi ƙananan alheransa ka girmama su, ka kau da kai daga kurakuransa. Ka haskaka kabarinsa, ka matso da shi kusa da rahamarka. Amin.