Ranar da Na Ɓoye Almakashi

Ranar Asabar da ta biyo bayan Babbar Sallah, ina 'yar shekara tara, Kawu Sabo ya iso gidanmu na unguwar Barking a Landan riƙe da keji lulluɓe da tawul. Shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, kuɗin fetur ya buɗe wa 'yan kwangila ido, kuma Kawu, abokin Baba tun suna makaranta, ba ya zuwa Landan ya koma hannu rabbana. Wannan karon aku ya sayo, ƙarami, kore shar, goshinsa ja. Ya ce a zaurensa na Kano zai ajiye shi, kafin nan ni ce mai kiwo.

Mako biyu ina wanke keji, ina yanka tuffa, ina tsokanarsa da "aku kuturu" kamar yadda Mama ta ce suna yi a gida. Ko kallo ban ishe shi ba. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da muke kira Anti Rosa, ta jiyo kukansa ta katanga, ta faɗo mana da silifa ɗaya a ƙafa. Ashe tsuntsun ɗan tsibirinsu ne, can yankin Karibiyan kusa da Amurka. Ta ce sun kusa ƙarewa, don masu kama su bishiyar suke sarewa su kwashe 'ya'yan. Ta san wasu a bayan gari da ke kiwonsu domin a mayar da su tsibirin, kuma mace suke nema. Tamu, in ji ta, mace ce.

Ana gobe Kawu zai tafi, ya ce a kawo almakashi ya rage mata fiffike, yadda ake yi wa kowane aku. Na tattara almakasan gidan kaf, har da na ɗinkin Mama, na cusa a jakar makaranta, na zauna daram a kai. Baba ya ce in tashi. Ban taɓa musa masa ba, balle a gaban baƙo. Na ce, "Ba zan tashi ba, Baba. In aka yanke, ita da garinsu har abada."

Baba ya miƙe, Kawu ya riƙe masa gefen riga. Kawu ya kalli kejin ya ce, "Ƙyale ta. Ni da kai ma, wa zai yarda ya zauna nan ba tikitin komawa?" Washegari Kawu ya tafi ya bar akun, Anti Rosa ta kai ta wurin mutanen. Mama ta sa na durƙusa gaban Baba. Na durƙusa, amma na ƙi cewa na tuba. Sai da ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwata.

Yanzu na ji an hana kama irin akun, har sun fara yawa a dajin tsibirin. Ko akwai jikokinta a ciki, Allah masani. Baba kuwa, mai cewa kullum baɗi za mu koma gida, a Landan muka binne shi. Har ya rasu bai sake neman in ce na tuba ba, ni ma ban ce ba.