Sunan Bahijja a Raga

Duk wanda ya san kasuwar Bodinga ya san Sodangi mai buga rubutu a riguna, siririn mutum mai korayen farata, wanda ba ya dariya sai aiki ya fito. Shekara ashirin yana sana'ar nan da hasken rana. Yakan shafa wani koren magani a ragar da aka ɗaure a katako, ya bar shi ya bushe cikin duhun shago, ya ɗora takarda mai baƙin rubutu, ya danne da gilashi, sannan ya fitar rana. Inda haske ya taɓa, maganin ya ƙame har abada. Inda rubutu ya kare shi, ruwa ya wanke, fenti ya sami hanya. Ba ya duba agogo. Salati arba'in yake ja da carbi. In aka zarce, haske ya kutsa ƙarƙashin ƙananan haruffa ya toshe su.

Ran nan aikin na gida ne: rigunan saukar karatu na wata Islamiyya a Shagari, da sunayen ɗalibai goma sha biyu, na ƙarshe 'yarsa Bahijja, wadda ke zaune can wurin kakanta. Gobe walima, maganin kuma ƙarshensa ke nan, sai da ya kankare gindin gwangwani.

Ya fitar da raga rana, yana salati na goma sha bakwai sai ga inuwar mutum. Malam Tukur ne, surukinsa, kakan Bahijja, ya sauko daga motar Shagari da sandarsa.

To, wa zai juya wa suruki baya ya ruga da katako? Sodangi ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Malam kuwa ba ya gaisuwar tsaye-tsaye. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi albasar bana, ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya har da wanda ya rasu bara. Sodangi na cewa lahiya lau, gumi na bin wuyansa, lissafi ya ɓace masa. Raga na nan taku uku daga gwiwarsa tana shan rana. Kalma ɗaya za ta cece ta, amma kunya ta riƙe masa baki.

Da aka shafa addu'a Sodangi ya suri ragar zuwa bayan shago ya watsa mata ruwa. Babban sunan makaranta ya buɗe. Sunaye suka riƙa fitowa da ƙyar, wasu da gutsurarren baki. Layin ƙasa, mafi ƙanƙanta, mai sunan Bahijja, ko gezau. Ya ƙara ruwa, ya goga da yatsa, ya ɗaga ta sama. Kore ne shafe.

Malam ya biyo shi, ya kanne ido yana bin sunayen da yatsa har ƙasa.

"Ina na jikata? Don shi niz zaka, in gani da idona."

Tela da mai albasa na maƙwabta sun leƙo. Sodangi ya dubi tsohon, ya ga murnar da ya ɗauko tun daga Shagari. Tausayinsa ya fi ƙarfin baƙin cikin.

"Allah shi gafarta Malam, ni niy yi kuskure. Ban iya auna rana ba yau."