Darar Tsoho a Cikin Kaset

Warin robar da ta ɗauki zafi ne ya tuno mini da wannan labari. Shekaranjiya na manta caja a jikin soket, da na dawo na tarar ɗakin ya cika da wannan wari mai ɗan ɗaci, sai na tsaya cak a bakin ƙofa. Idan ka taɓa zama gaban na'urar gem irin ta da, wadda ake cusa wa kaset a jona ta da talabijin, ka san warin da nake nufi. Haka adaftarta take yi idan yara sun daɗe suna bugawa, har a cire ta a ɗora kan randa ta huce.

A Bakura na tashi, a gidan kakana na wajen uba. Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɓarawon mata, saboda kakata tana kirana maigidanta, tana ɓoye mini ƙanzon tuwo ta hana shi. Ka san wasan jika da kaka. Abin da ubana ba zai iya ɗaga ido ya faɗa masa ba, ni nakan faɗa ina kwance a cinyarsa. Manomin rani ne, albasa da tattasai, kuma tafin hannunsa ya yi kantar da ko ƙaya ba ta shiga.

Duk ranar Talata, in babu makaranta, nakan bi shi kasuwar Talata Mafara. Mu hau bayan a-kori-kura, mu zauna kan buhunan albasa, mu isa idanu na yaji. Ba albasa ke kai ni ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da shagon gyaran rediyo a gefen kasuwar, kuma a can cikin shagon, bayan tarin gawarwakin rediyo, akwai na'urar gem da ƙaramar talabijin. In babu wuta ya jona su da batirin mota. Kaset ɗin kan ƙi tashi, sai a zare shi a hura masa iska da baki a mayar. Mun yi imani da wannan hurawa ƙwarai, ko da yake yanzu na san yawu kawai muke zuba masa.

Tsoho ma ba albasa kaɗai ke kai shi ba. Bayan shagon akwai wata tsamiya, kuma da an idar da azahar wani dogon dattijo mai sayar da igiya yakan iso daga Maradun ya shimfiɗa buzunsa. Amininsa ne tun suna samari. Sai sun gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da dabbobi da ruwan bana, ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi kamar yau suka fara haɗuwa. Daga nan su tona gurabe talatin a ƙasa, Tsoho ya ɗebi duwatsu goma sha biyu, mutumin Maradun ya karya kara goma sha biyu, ladabi kuma ya ƙare.

Dara ke nan, in ba ka taɓa gani ba. Kowa ya jera 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa gurbi zuwa gurbi. Wanda ya haɗa uku a layi ya ci, ya cire ɗa guda na abokin wasa. Da baki ba wuya. Amma waɗannan tsofaffi biyu sukan yi shiru har ƙuda ya sauka a hancin ɗaya bai kore shi ba, can sai ka ji an kwashe da dariya ana kiran wani makaho, wani raggo. Mutumin Maradun ya fi cin Tsoho, gaskiya ke nan. A irin ranakun Tsoho yakan yi ta mita a mota har Bakura, fuskarsa kuwa fes da farin ciki. Ranar da shi ya ci ma bai cika yin wannan walwala ba.

Wata rana na tambayi kawuna wa ke cikin kaset yana motsa mutanen. Ya ce ba kowa, mutane ne irinmu suka zauna suka rubuta. Na ce to me ya sa ba su rubuta dara ba? Ya ce wataƙila ba su san ta ba. Na fita na gaya wa Tsoho cewa in na girma zan sa dararsa a cikin kaset. Bai ko ɗago ba, ya ce, “Wasan da ba a zagin juna cikinai, ai ba wasa ba ne. Tahi ka ba mu wuri.”

Shekaru suka tafi. Na gama sakandare, na karanta kwamfuta, na sami ɗan aiki a Talata Mafara. A tsakanin nan hanyar Maradun ta zama abin da kowa ya sani saboda 'yan fashin daji, mota ba ta tashi sai an tambayi labarin gaba. Dattijon ya koma zuwa sau ɗaya a wata, sannan sai da sallah, sannan shiru. Wata damina labarin rasuwarsa ya iso Bakura bayan an yi kwanaki da binne shi. 'Ya'yan Tsoho suka hana shi tafiya ta'aziyya, kuma suna da gaskiya. Bai yi musu ba. Bai kuma ƙara ambaton amininsa ba, ko da sunan wasa.

Ba a rasa masu dara a Bakura ba. Matsalar ita ce Tsoho ya zama mafi tsufa a unguwa, duk wanda ya zauna gabansa ɗan cikinsa ne ko surukinsa ko ɗan abokinsa. Wa zai cinye dattijo a ƙofar gidansa mutane na kallo? Sai su riƙa raga masa. Su ga ci su kawar da kai, su tura ɗa inda bai dace ba, su ce, “Kai, Baba, hannunka na nan.” Shi kuwa yana gani sarai. Ya daina tona gurabe. Ya koma zaman zaure yana kallon hanya, abinci ma kakata ta ce sai ta yi da gaske. Ni ne zan iya zama in kara da shi ba kunya, amma ban iya darar da za ta sa shi gumi ba, kuma ina wurin aiki kwana shida a mako. Abin ya dame ni matuƙa, don ina ganin mutum yana shuɗewa da ransa.

A lokacin ne na ci karo da wasu mutane a intanet, masu sha'awar tsofaffin na'urorin gem. Ba kamfani ya ɗauke su ba, ƙauna ce kawai. Sun haɗa wata manhaja da suke kira injin wasa, suna rabawa kyauta. Ita ke ɗauke maka wahalar zana hoto a talabijin da fitar da sauti da gane maɓallin da aka danna, kai dokokin wasanka kawai za ka rubuta. Kamar injin niƙa ne, kai dai ka zo da hatsinka. Akwai kuma kaset fanko da ake zuba masa wasa daga kwamfuta. Na je shagon kawuna, muka tono tsohuwar na'urar daga ƙarƙashin benci, ya canza mata wasu 'yan kaya da suka kumbura, ta tashi.

Wata uku na yi ina rubutu bayan an tashi aiki. Na zana gurabe talatin manya-manya saboda idon Tsoho, duwatsu a gefe guda, kara a ɗaya gefen. Na koya wa na'urar dokoki, na koya mata duba motsi biyu a gaba. Sai a ƙarshe na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na tuna mutum ne da ya haura tamanin, zai riƙe abin dannawa karo na farko a rayuwarsa, yara na kallo. Na ce a raina bai kamata ƙarfe ya kunyata shi ba. Na ƙara layi huɗu kacal a rubutun wasan: duk lokacin da na'urar ta ga ta fi shi 'ya'ya, ta bar motsi mafi kyau ta ɗauki na biyu. Ban ɗauki wannan ha'inci ba. Tarbiyya na ɗauke shi.

Ranar wata Juma'a da hantsi na kafa talabijin a zaure. Tsoho ya juya abin dannawar a hannunsa, ya ce maɓallan sun yi ƙanana kamar na rigar jariri, amma kafin a kira salla ya gane kansu. Ya ci wasan farko. Ya ci na biyu. A tsakiyar na uku ya ajiye abin a kan tabarma a hankali, ya daɗe yana kallon talabijin ɗin.

“Wa ya koya ma wanga abu kunya?” ya ce.

Na ce ban gane ba.

“Ka gane. Sau biyu yana ganin ci yana kauda kai, awa surukina.” Ya juyo ya dube ni. “Duk garin ga kai ɗai ka rage wanda ba ya jin nauyina. Ashe kai ma ka maishe ni tsoho.”

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Na naɗe wayoyina na fita ta bayan gida don kada in haɗu da kakata.

Goge layi huɗu ba wuya, a minti ɗaya na yi. Mako na gaba na dawo, na gaya masa gaskiyar abin da na yi, na ba shi haƙuri. Ya ce in kunna. Ya cinye ta sau biyar a jere, wannan karon da gumin goshinsa, ya ce yanzu ba ta da kunya amma ba ta da wayo. Gaskiyarsa. Ƙwaƙwalwar na'urar ƙarama ce ƙwarai, hoto guda na wayarka ya fi duk abin da kaset ɗin zai ɗauka, ba ta iya hango nesa. Na ce masa iyakar ƙarfinta ke nan, sai dai in wani gwani ya zauna ya nuna mini yadda ake jeri da yadda ake ɗana tarko, in rubuta mata ta haddace.

Can ya ce, “Ɗauko duwatsu. Ka karyo kara.”

Daminar nan duka, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna bakin zaure ƙasa na ƙamshin ruwa, shi yana jerawa ni ina zanawa a littafi. Sai da muka yi nisa na lura ba salonsa yake koya mini ba. Kara yake riƙewa, ba duwatsu ba. “Nan yaka aje na hwarko,” in ji shi. “In na bi shi dama, ya rufe ni nan. Ya san ina da kwaɗayin gefen dama, shekara arba'in yana cin abinci da shi.” Karo na farko ke nan da na ji ya yi zancen amininsa tun rasuwar. Na ce, to Tsoho, in kai ka koya mata tarkon, ai ba za ka faɗa ba. Ya ce sanin tarkon bai taɓa hana shi faɗawa ba.

Jerin ya yi yawa, kaset ya ƙi ɗauka. Na cire kiɗan da na sa a farko, na cire hoton tsamiyar da na ɓata mako biyu ina zanawa. Duk da haka bai shiga ba, sai da wani daga cikin masu injin, mutumin da ban san fuskarsa ba kuma bai taɓa jin sunan Bakura ba, ya nuna mini yadda ake matse jerin ya ƙanƙance. Ya kuma roƙe ni in koya masa dokokin dara.

An fara girbin gero ranar da na kawo na ƙarshe. Wasan ya yi tsawo, har kakata ta leƙo sau biyu. Na ga Tsoho ya sunkuya gaba, ya daina tsokanata. Na ga ɗan dutsensa ya nufi gefen dama, na buɗe baki na rufe. Na'urar ta tura kara ɗaya, layi ya haɗu. Ta janye shi, wani layin ya haɗu. Haka ta yi ta ɗauke masa 'ya'ya har ya rage da biyu.

Sannan ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce a hankali, “Allah shi jiƙanka, shi yi maka rahama.” Na amsa da amin. Ya miƙo mini abin dannawar ba tare da ya dube ni ba. “Sake jerawa. Wanga karon ba ni bin dama.” Ya bi dama.

Yau Tsoho na nan da ransa, ƙafa ta yi nauyi amma baki bai mutu ba. Na saka wasan inda masu sha'awa ke ɗauka kyauta, kuma nakan yi mamakin ganin mutane a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna gardama kan jerin wani mai igiya daga Maradun. Abin da ban zata ba a gida ya faru. Yaran unguwa suka riƙa taruwa kallo, abin dannawa ɗaya ne kuma Tsoho ba ya saki, da suka gaji da jira sai suka tona nasu gurabe a ƙofar zaure. Cikinsu har da 'yar ƙanwata, mai shekara goma, wadda ta haddace tarkunan nan tun daga kallon talabijin.

Watan jiya ta zauna gabansa a ƙasa ta cinye shi, ta tashi tana rawa tana ce masa raggo. Uwarta ta fito da sauri za ta kwaɓe ta, tana cewa ba a yi wa manya haka. Tsoho ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ya ce duk wanda ya koya wa yarinyar nan raga masa, to kada ya ƙara gaishe shi. Har yau ba wanda ya gwada.