Kakar da Motar Cleophus Ta Yi Shiru

A garinmu, can cikin Mississippi, in ka ce direba ba sai ka ƙara suna ba, kowa ya san Cleophus Yarbrough kake nufi. Fiye da shekara talatin yana jan doguwar motar jami'a, yana kai 'yan wasan zari-ruga irin na Amurka duk inda za su kara da wata makaranta, ya kuma dawo da su. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga tsabtar tsiya; in yaro ya yar da ƙashin kaza a ƙasan motarsa, ranar sai ya ji tarihin kakanninsa. Baba Cleo yaran suke ce masa. Bai taɓa riƙe ƙwallo a fili ba, amma in yana ba da labari "mun ci" yake cewa, in kuma abin ya ɓaci, "sun sha kashi".

Ƙungiyar tana da wata al'ada da ta girmi yaran duka. In an ci wasa a waje, da waƙa ake dawowa tun daga bakin fili har ƙofar makaranta, ana buga hulunan kwano a jikin kujeru. In kuwa an sha kashi, ba mai cewa uffan. Ko tari ne ya taso maka, haɗiye shi za ka yi. Cleophus bai damu da kofi ko suna a jarida ba. Shi dai ya ji waƙar nan tana tashi a bayan ƙeyarsa, sitiyari na hannunsa, shi ke nan duniya ta yi masa daɗi.

Daf da fara kakar 1978 likita ya duba shi, ya ce yanar ido ta kama shi. Zai iya tuƙin rana zuwa ƙarshen kaka, daga nan sai ya ajiye makulli. Bai gaya wa kowa ba sai hukumar makaranta da kociyan ƙungiyar da matarsa Odessa. Abu ɗaya ya roƙi Allah: kafin ya sauka, ya sake dawo da motar nan da waƙa ko sau ɗaya ne.

"Kai da waƙar nan, sai ka ce kai ka buga," in ji Odessa, tana naɗe masa soyayyar kaza da burodin masara. "Muryoyin ma kamar na jakuna."

"Ke ai ba ki taɓa jin ta daga kujerata ba."

"To Allah ya sa su ci, mu huta da ɗaure fuskarka."

Sai kakar ta zo a karkace. Gwaninsu na jifan ƙwallo ya karye a wasan farko, sauran kuma, in za a faɗi gaskiya, ko kaza aka sakar musu ba za su kama ba. Aka je Alabama aka dawo shiru, aka je Louisiana aka dawo kamar masu dawowa daga jana'iza. Wasa ɗaya tak suka ci, shi ma a gida, inda ba a bukatar mota. Gari ya yi ta shagali, Cleophus yana gefe, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Tafiyar ƙarshe Arkansas aka yi. Ranar yaran sun yi abin a yaba, saura ƙiris su ci. Aka jefo wa Lucius Tate ƙwallon ƙarshe, ba kowa kusa da shi, ta faɗo cikin hannunsa ta suɓuce. Suka shigo mota ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye. Kociya Hollis Pettway, wanda ba a ganin haƙoransa sai in yana cin abinci, ya zauna a kujerar gaba ya harɗe hannu.

Rana ta yi sanyi, suna ratsa gonakin auduga, ba abin da ake ji sai kukan inji. Baƙin ciki ya ishi Cleophus. Bai san lokacin da waƙar ta fara fita ta hancinsa ba, a hankali.

"Wa ke waƙa a motata?" in ji Kociya.

"Motarka, Kociya? Yaushe ka saya ban ji ba?"

"Ka san doka, Baba."

"Na san ta tun kana rarrafe. Ni ban buga ba balle in sha kashi. Kuma ka san yau ce ranata ta ƙarshe a kan sitiyarin nan."

Yaran suka ɗago kai, don ba su san da maganar ba. Sai Kociya ya miƙe. Ya riƙe ƙarfen kujera, ya juyo.

"Baba Cleo zai ajiye makulli, idonsa ne," ya ce. "Kun kunyata ni a fili tun farkon kaka. Kada wanda ya kunyata ni a waƙa."

Ba wanda ya motsa, don tsoron dokar ya riga ya shiga jini. Sai Lucius, wanda idanunsa suka yi ja don kuka, ya ɗauko waƙar daga can baya da shaƙaƙƙiyar murya. Na kusa da shi ya karɓa, hulunan kwano suka fara sauka a kan kujeru. Odessa ta yi gaskiya, muryoyin ba daɗi, na Kociya ya fi na kowa muni. Cleophus dai bai taɓa jin godiya ta cika shi irin ta ranar ba.

Titi ya fara yi masa dishi-dishi, kuma ya san wannan karon ba yanar ba ce. Ya rage wuta, ya gangara gefen hanya, ya kashe inji. Waƙar ta yanke.

"Baba, mota ta lalace ne?" in ji Lucius.

Cleophus ya cire hula ya share fuska da ita.

"Lafiyarta ƙalau, ɗana. Ku ɗauko ta daga farko. Ba na son mu isa gida da wuri."