Gaisuwar Halliru da Kulocin Motarsa

A shekarun da kuɗin mai ya fara isowa ƙasar Kazaure, ba wanda bai san akori-kurar Halliru ba tsakanin Roni da Gwiwa. Mutumin Roni ne. Da jaki ya fara, yana kai gyaɗa wurin awo, daga baya ya yi karen mota a hanyar Babura, har Allah ya hore masa tsohuwar Fijo.

Motar ba ta zauna yadda aka ƙero ta ba. Sunday, bakaniken da ya zo Kazaure daga kudu bayan yaƙin basasa, ya ƙara mata sifirin a baya, ya sa mata injin da ya ɗan fi nata ƙarfi, don ta iya hawan tudun Roni da buhunan dawa. Abu ɗaya ya gagara, kuloci. Da an sa sabo, kafin damina ta zagayo ya ƙone.

Ran nan Sunday ya ce sai ya gani da idonsa. Ya shiga gaba suka kama hanya. Ba su yi nisa ba Halliru ya hango wani dattijo a gindin tsamiya. Ya rage gudu, ya danne kuloci rabi, mota na jan ciki, ya leƙa ta taga.

"Baba, barka da hutawa. Yaya ƙafar? Yaya mutan gida?"

Sai da aka tambayi shanu da jikoki kafin ya ɗaga ƙafa. Can gaba ga liman, gaba kaɗan ga kawun matarsa. Ƙauri ya cika motar.

"Maigida, ba hanya ke cin kulocinka ba," in ji Sunday. "Gaisuwa ce."

"To in wuce dattijo kamar na wuce kututture?"

"Ka tsaya gaba ɗaya mana."

"In na tsaya sai na sauka. In na sauka sai na tsuguna. In na tsuguna sai an kawo ruwa. Yaushe za a kai kasuwa?"

Sunday ya sa masa kuloci mai tauri irin na motocin kaya, wanda bai san rabi ba, ko ya kama ko ya saki.

Ranar kasuwar Gwiwa, matan Fulani suka hau baya da ƙwaryar nono a cinya kamar kullum. Su ne fasinjojin da Halliru ke tinƙaho da su, rani da damina. A gaisuwar farko, yana ɗaga ƙafa motar ta yi tsalle. A ta biyu ma haka. Da suka isa, Ma'u, dattijuwar da matan rugar ke bin maganarta, ta sauko tana matse zani, nono har gwiwar hannu.

"Halliru, mota ka saya ko ɗan maraƙi?" Ba ta ɗaga murya ba. "In aka sake haka, Allah ya ba mu ƙafafu."

Washegari Halliru ya koma garejin Sunday. Sunday ya ɗauko wani kulocin ya ajiye a kan benci.

"Wannan ya fi na farko ƙarfi, bai kai na biyu taurin kai ba. Zai ɗauki injinka, zai tashi a hankali. Amma ba zai jure gaisuwarka ba."

Halliru ya daɗe yana jujjuya shi a hannu, sannan ya ce a sa.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya hau keke ya bi dattawan hanyar ɗaya bayan ɗaya. Ya tsuguna gaban kowa ya nemi alfarma: ranar kasuwa zai ɗaga hannu kawai ya wuce, cikakkiyar gaisuwa kuwa zai riƙa kawo ta duk Juma'a. Dattijon gindin tsamiya ya saurare shi har ƙarshe.

"Dama ƙaurin nan ya ishe ni, ɗana," in ji shi. "Kunya ce ta hana ni faɗa."

Kasuwa ta gaba, Ma'u ta leƙa ƙwaryarta a Gwiwa ta ga nono daidai inda ta bar shi. Da yamma dai ita ta fara hawa motar, sauran matan suka biyo ta.