Bijimin da Ba Shi da Tozo

Shekarar da aka yanko jihar Kebbi daga Sakkwato aka turo Malam Abdussamadu, malamin dabbobi, Birnin Kebbi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna can wajen dangi, shi kaɗai ya kama haya a Gwadangaji. Aikinsa ɗura wa shanu irin bijimin Turai don su ɗauki ciki, wanda yake ɗaurowa bayan babur cikin tulun ƙarfe mai sanyi.

Ya bi rugage har Argungu, makiyaya suna ba shi nono suna sallamarsa. Wa zai yarda saniyarsa ta haifi abin da ba a taɓa ganin ubansa ba? Wani manomi ne kawai, Tamba, ya yarda, don yana son ƙaton san huɗa.

Saniyar Tamba kuwa ta haifi namiji, dabbare-dabbare baƙi da fari. Da ya isa aiki aka ɗora masa karkiya, sai ta riƙa zamewa baya. Tamba ya shafa wuyansa ya ce, "Malam, wanga ba shi da tozo. Ina karkiya za ta tokara?"

Abdussamadu bai taɓa tunanin wannan ba, littattafansa zancen madara kawai suke yi. Da ya ji za a kai bijimin mahauta, sai ya saye shi ya ɗaure a tsakar gidansa. Dabbar ba ta jure rana, kullum da azahar sai ya kwara mata ruwan randa. Daga baya aka rufe shirin ɗura irin, tulun ya koma mazubin gero.

In maƙwabta suka jiyo Malam yana hira bayan la'asar, ba sa tambayar wa ya zo, sun san da bijimin yake.