Kwat Ɗin da Ya Tare Harbi

Shekarun baya, lokacin auduga na da daraja a ƙasar Malumfashi, maigidana ya sayo tsohon kwat na soja a gwanjon Funtua. In sanyi ya sauko sai ya ɗora shi kan riguna da suwaita, ya nufi gona kamar buhun gero mai ƙafafu.

Wata safiya wani maharbi ya auna fakara a bakin gonarmu ta Dayi, harbin ya sami maigidana a ƙirji yana sanye da kwat ɗin. Ya faɗi, ya tashi, ko ƙwarzane babu. Kafin azahar gari ya ɗauka wai yana da maganin bindiga. Shi ma ya yarda, ya ce aikin layar damtsensa ne. Ni kuwa har da yanga a bakin rijiya.

A lokacin 'yan fashi sun addabi masu kai auduga Funtua. Sai maigidana ya ce shi zai riƙa shiga gaban ayari, kuma ranar kasuwa zai tuɓe riga a harbe shi kowa ya shaida. Nan yangata ta ƙare. Na ga takaba ƙiri-ƙiri, na garzaya wurin kawuna, tsohon soja.

Kawu ya zo ya juya kwat ɗin, ya tsinto 'yan ƙwayoyin dalma da suka maƙale a ciki. Ya ce, "Ɗana, wannan na harbin tsuntsu ne, kuma daga nesa. Tufafi masu kauri kan rage wa irinsa ƙarfi. Harsashin ƙaramar bindigar da 'yan fashi ke riƙewa ba ruwansa da kwat."

Maigidana ya ce, "Kawu, layar ce."

"To, ara mini ita."

Kawu ya ɗaura layar a jikin kabewa, ya sa maharbin ya matso ya harba. Kabewar ta tarwatse, 'ya'yanta har kan takalmin maigidana. Maigidana ya kalle su, sannan ya ce in kawo masa ruwa.

Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don duk garin ba wanda ya tambayi me ke cikin bindigar, ko me ke jikin mutumin. Ranar kasuwar, maigidana a gida ya wuni yana gyaran rumbu. Allah ya ja kwanansa har ya ga jikoki, kuma a kan gadonsa ya cika.